Ɗa Na Kowa Ne, Amma Sai Ya Yi Kuɗi

Idan ana neman garin da ya fi kowa sanin ciwon yaran zamani, to a zo Manchok. Mu nan ba ruwanmu da likita ko farfesa. Da la'asar ta yi sanyi, an dawo daga gona, 'yan fansho sun jawo kujerunsu, sai a buɗe asibiti a gindin mangwaro ko a bencin mai shayi. Yaro ya gifta a kan babur, kafin ƙurarsa ta kwanta mun auna shi, mun gano cutar, har mun faɗi ranar da za ta kai shi ƙasa. "Wannan ai ya gama lalacewa." "Ɗan gidan wa ne?" "Haba, ba mamaki, ai ka san kakansa ma." Shi ke nan, a kawo na gaba. Asibitin namu na awo ne kawai, ba a ba da magani.

Ƙorafin kuma ba ya canjawa. Ba sa gaisuwa. Wando ya sauka ƙasan ƙugu. Kai kullum a sunkuye kan waya. Fartanya ta zama abokiyar gaba. An san sunan kowane ɗan wasan Arsenal da Chelsea, amma ba a san iyakar gonar gado ba. Kuma a gaskiya ba duka ne sharri ba. Cacar ƙwallo tana cinye kuɗin makaranta, tana cinye kuɗin taki. Maganin tari mai kodin sai da gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018 saboda yadda matasa suka mai da shi abin sha, tiramadol kuma har yanzu bai bar lungu ba. Duk mun san wannan. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, a cikin mu masu wannan dogon sharhi, wa ya taɓa kiran yaron nan da sunansa ya ce, "Zo nan, zauna, me kake so ka zama?"

Mu ne dai masu cewa ɗa na kowa ne. Muna faɗa a coci, muna faɗa a masallaci, muna faɗa a wurin suna da biki. Sai dai akwai sharaɗin da ba ma faɗa da ƙarfi: sai ya yi kuɗi. Yaro yana yawo da silifa ɗaya ja ɗaya shuɗi, ɗan uwarsa ne ita kaɗai. Ranar da ya dawo da kakin soja ko ya faka mota a ƙofar gida, sai dangi su tsiro ta ko'ina. "Ni na goya shi." "A gidana ya riƙa cin tuwo." "Tun yana rarrafe na ce wannan zai zama wani abu." Lokacin da marigayi Barnabas Bala Bantex ya zama mataimakin gwamnan Kaduna a 2015, da za a ƙirga waɗanda suka ce da hannunsu a tarbiyyarsa, da sai an nemo wasu garuruwan a ƙara wa ƙaramar hukumar Kaura don su samu wurin zama.

To amma a tsare kowane dattijo cikinmu, a ce ya faɗi tsakaninsa da Allah wa ya ɗora shi a hanya. Da wuya ka ji ya tsaya a kan uba da uwa kawai. Kullum akwai wani. Wani malamin firamare da ya ce a bar yaron nan ya kwana a gidana ya yi karatu da fitila. Wata gwaggo da ba a haɗa jini da ita ba, wadda ta sayar da akuya aka biya kuɗin jarrabawa. Wani ma'aikacin reluwe da ya ga yaro yana leƙen inji ya ce, "Kai, zo ka riƙe mini sifana." Tun da layin dogo ya iso Kafanchan a 1927, aka ja reshe ya bi ta Kagoro da nan Manchok ya hau Jos, mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suka zauna tare da mu, kuma yara da yawa a hannun baƙi suka koyi sana'ar da ta riƙe su har tsufa. Ba wanda ya biya waɗannan mutane ko sisi, ba wanda ya ɗauke su hoto.

Ko maƙwabtanmu na Kagoro, in suna labarin marigayi Malam Gwamna Awan, wanda ya riƙe sarauta daga 1945 har zuwa 2008, ba sa mantawa da cewa kafin rawani alli ya riƙe. Malami ne da wasu suka ja hannunsa, shi ma ya ja na wasu.

Ga kuma 'yan Boys' Brigade da muke jin gangarsu da yamma a filin coci. Mutane da yawa sun ɗauka a nan aka ƙirƙiro ta, saboda yadda ta zama tamu. A birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan aka kafa ta a 1883, kuma wanda ya kafa ta, William Alexander Smith, malamin makarantar Lahadi ne da yara suka hana shi sakat da rashin ji. Kun ji fa, 1883. Ashe yaran zamani sun girme mu duka. Bambancin kawai, shi bai tsaya a kan ƙorafi ba, ya nemo musu fareti da horo da abin da za su yi alfahari da shi. Kaftin ɗin da ke tsaye a rana yau yana ihu "hagu, dama" ga yara talatin da rabinsu ba su san hagun ba, albashinsa sannu da aiki ne. Haka iyayenmu na Zumuntar Mata da ke jan 'yan mata a jiki, haka masu koyar da mawaƙa, haka malamin Islamiyya da ke zama da yara bayan la'asar, haka shugaban 'yan agaji da ke koya wa samari tsayuwa a layi da ɗaukar mara lafiya. Ko gayya da muke yi a gona, ba huɗa kaɗai ake yi a wurin ba. A nan saurayi ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa da babba, ya ga yadda ake riƙe garma, ya ji yadda ake magana, ya koyi cewa ba a fara cin abinci kafin a kai ƙarshen kunya.

Yanzu fa? Yanzu ma muna ja wa matasa gora, amma irin namu na zamani, kuma kala-kala ne.

Akwai na watan Disamba. 'Yan'uwanmu na Abuja da Kaduna da Legas sun dawo Kirsimeti, za su tsaya har su ga bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. Sai a shirya taron wayar da kan matasa. A kafa rumfa, a jera kujerun roba, a buga riguna da hoton mai gayya a ƙirji. Taron ƙarfe goma ya fara ƙarfe biyu. Rabin lokacin ya tafi wajen gabatar da manyan baƙi, kowanne da jerin muƙamansa. Babban mai jawabi ya tashi ya yi Turanci mai nauyi, ya ce kowa ya yi babban mafarki. A raba lemo da biskit, a yi hoto, kafin magariba yana Facebook. A ƙarshe Oga ya ce, "Ga lambata, kowa ya kira ni kowane lokaci." Yaro ya ari kuɗi ya sa kati ranar 5 ga Janairu. Wayar tana ta ringin har Ista.

Akwai na kakar zaɓe. Wannan sunansa tallafi. A jera kekunan ɗinki da injin markaɗe da baro, Honarabul ya miƙa, a tafa. Ba wanda ya tambaya ko yarinyar da aka ba keken ta taɓa zura zare a allura. Mako biyu keken ya isa kasuwar Kafanchan a rabin kuɗinsa, mu kuma mu samu sabon abin faɗa: "Ka gani? Yaran nan ba sa son ci gaba."

Akwai na "a zamaninmu". Wannan shi ne ya fi yawa, don ba ya cin ko kwabo. Mai shi zai tare yaro a hanya ya ba shi labarin yadda ya riƙa taka mil bakwai zuwa makaranta ba takalmi, kuma kullum shi ne na ɗaya a aji. Duk iyayen Manchok na ɗaya suka riƙa zuwa. Har yau ana neman wanda ya zo na biyu, ba a same shi ba. Yaro zai durƙusa ya ce, "Na gode, Baba," ya tashi bai ƙaru da komai ba sai ciwon gwiwa.

Akwai kuma wanda ba na dariya ba ne. "Kawo ta in riƙe, zan sa ta a makaranta." A ɗauki yarinya daga ƙauye a kai birni, shekara uku tana wanke-wanke da reno, makarantar ba ta ga ko ƙofarta ba. Wannan ba riƙo ba ne, bauta ce, kuma mun san gidajen da ake yi, muna gaisawa da su.

Amma kada a ce bakinmu bai iya faɗin alheri ba. Masu yi da gaske suna nan, sai dai ba su da rumfa ba su da lasifika, shi ya sa ba a jin su.

Ku leƙa shagon wata tela da safe. Sabuwar yarinya ba ta taɓa atamfa. Wata guda tana taka keke ba zare, har ƙafarta ta daina mayar da shi baya. Daga nan a ba ta takardar buhun siminti, a karkaɗe, a shimfiɗa, ta auna da tef, ta zana da alli, ta yanka hannun riga. Ta yanka hannu biyu duk na dama. Mama ta ɗaga su sama ta ce, "To, sai mu nemo mai hannun dama biyu ya saya." Kowa ya yi dariya har da ita, a miƙo wata takardar. Ana cikin haka, ido na kan almakashi, ba mai kallon wani, sai magana ta fito. "Mama, akwai wani da ya ce zai saya mini waya." Mama ba ta ɗago kai ba. "Uhm. Shi kuma me za ki saya masa?" Shiru. "Gobe ki zo da wuri, za mu yi magana kafin sauran su iso." Wannan maganar, uwar da ta haife ta ba za ta taɓa jin ta ba.

Nan ne gizo ke saƙar. Mu mutane ne masu kunya. Ɗa ba ya zama ya buɗe wa ubansa ciki, 'ya ba ta kallon idon uwarta ta ce ga abin da ke damuna. Uban ma in ya ji, bulala ce za ta fara magana kafin bakinsa. Shi ya sa tun asali aka tanadi kawu da gwaggo da kaka da maigidan sana'a, mutanen da yaro zai iya faɗa wa abin da ya fi ƙarfinsa ba tare da rufin gida ya tashi ba. Yau kawu yana Abuja, gwaggo tana fama da nata, kaka ta kwanta dama. Gurbin yana nan a buɗe. In mutumin kirki bai shige shi ba, mai sayar da ƙwaya yana da lokaci, kuma shi ba ya gajiya da sauraro.

Ko ku dubi abin da ke faruwa gab da jarrabawar JAMB. Tun 2015 aka koma yin ta da kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da ya taso a ƙauyukan Moro'a ko kan duwatsun Atakar, mai ƙwaƙwalwa kamar me, yana iya shiga ɗakin jarrabawa bai taɓa dafa kwamfuta ba. Akwai wani saurayi mai shagon buga takardu da cajin waya, ran Asabar yakan tayar da ƙaramin janareta da man da ya saya da kuɗinsa, ya zaunar da yara bi da bi a gaban tsohuwar kwamfutarsa. Wata ta kama linzamin da hannu biyu ta ɗaga shi sama tana juyawa, tana mamakin abin da ya hana kibiyar motsi. Bai yi dariya ba, ya dai dafa hannunta ya mayar kan tebur. Kafin wata ya ƙare ita ke nuna wa na bayanta. Shi wannan saurayin ko digiri ba shi da shi, kuma da za a kira taron manyan gari ba mai ba shi kujerar gaba.

Ba a nan kaɗai ba. A Bayan Loko cikin Kafanchan, Gidauniyar Fantsuam da Dokta John Dada da abokan aikinsa suka kafa a 1996 ta daɗe tana koya wa matasan karkara kwamfuta, tana ba mata ƙananan rance, kuma da yawan aikin 'yan sa-kai ne suka ɗauke shi. Ga 'yan bautar ƙasa da ake turo mana tun da aka kafa shirin a 1973. Wani kofa zai zo daga Enugu ko Ibadan, ba ya jin Hausa balle yarenmu na Sholio, amma ya buɗe darasin lissafi kyauta da yamma. Shekara ɗaya ya tafi, shekara ashirin ana ambatonsa. Mu kuma da aka binne cibiyarmu a nan, abin da muka ba shi shi ne, "Kofa, sannu da ƙoƙari." Ga maƙwabcinmu Ibo mai shagon kayan gyara, ya ɗauko yaro daga gida, ya koya masa ciniki shekara da shekaru, ranar sallama ya ba shi jari ya buɗe nasa. Muna gani muna cewa, "Kai, mutanen nan akwai haɗin kai." Daga nan ba mu ƙara komai ba.

In ka ce wa ɗayanmu ya gwada, uzuri a aljihu yake. "Ba ni da kuɗi." Wa ya ce kuɗi? Yaran nan sun fi bukatar wanda zai tambaye su sakamakon jarrabawa ya kuma tuna ya sake tambaya. "Ban yi boko ba." Wanda ya iya gane ƙasar da citta ke so, ya san lokacin shuka acca, ya iya kiwon alade ko kaji har su kai kasuwa da riba, yana da abin da ba a koyarwa a kwalejin Gidan Waya. "Aikin malamai ne." Malami ɗaya da yara cike da aji, wanne zai sani wanne zai bari? Mun ga yadda aka sallami malaman firamare sama da 21,000 a jihar nan bayan gwajin 2017, aka ɗauki wasu, amma har gobe ba gwamnatin da za ta aiko wanda zai zauna da ɗan maƙwabcinka da daddare ya ji dalilin da ya sa ya daina zuwa aji. "Za a ce ina neman kansila." A ce mana. In an ga zaɓe ya wuce ba ka fito ba kuma ba ka daina ba, masu faɗa za su gaji. "Iyayen za su ce na shiga sharo ba shanu." To ka fara da su. Ka je ka yi sallama, ka ce, "Maigida, yaron nan naka yana da hannu, ka bar shi ya riƙa zuwa wurina ran Asabar." Uba nawa ne zai ƙi?

Sai dai a yi abin a fili. A zaure, a baranda, a shago, a harabar coci ko masallaci, inda mai wucewa zai gani. Namiji ba ya jan 'yar mutane ɗaka ya rufe ƙofa da sunan darasi. Kuma wanda ka ɗauka don ka koya masa, ba ɗan aike ka samu ba. In shekara ta zagayo abin da ya iya kawai sayo maka goro da wanke babur, to kai ne ka faɗi jarrabawa.

Wani zai ce, ni mene ne ribata? Da farko dai, wanda ke zama da yara ba ya tsufa da wuri, kuma ya huta da neman mai duba masa saƙon banki a waya. Na biyu, mun san abin da ƙasar nan ta gani. Rikicin 2011 da hare-haren da aka kai ƙauyukanmu a 2014 da bayanta sun bar mana marayu da yawa, waɗanda yanzu sun zama samari da 'yan mata. Saurayin da ba wanda ya taɓa nuna masa yana da daraja, duk wanda ya miƙa masa dubu biyu da kwalba ya saye shi, ko ranar zaɓe ko ranar fitina. Wanda kuwa yake da mutum ɗaya da yake jin kunyar ɓata wa rai, ko an kira shi sai ya yi tunani sau biyu. In kuma makanike Kirista ya koyar da yaro Musulmi, ko tela Bahaushe ya yaye ɗan Asholio, ko ɗan Fulani ya zauna benci ɗaya da ɗan Kagoro a darasin yamma, an ƙulla abin da taron zaman lafiya goma a otal ba zai ƙulla ba. Na uku, kuma a yi haƙuri da wannan: a garin nan matasa ne ke haƙa kabari. Gara su zo naka da hawaye da su zo suna duba agogo.

Ba a ce ka kafa ƙungiya ba. Mun san halinmu, in aka kafa, wata uku za a yi ana rigimar wa zai zama ma'aji. Ba a ce ka tara yara hamsin ba. Ɗaya tak, wanda ba kai ka haifa ba. Wanda kake gani kullum a bakin tasha, ko wadda ta daina zuwa makaranta ba wanda ya tambayi dalili. Ka san sunansa, ka san gidansu, ka ware masa yamma ɗaya a mako, kuma in ka ce ya zo ya same ka. Zai ba ka haushi, zai yi ƙarya, wata rana ba zai zo ba. Ka aika a kira shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a yini ɗaya ba.

Jama'a, wanda ya iya ɗinki ya koyar da ɗinki, wanda ya iya lissafi ya koyar da lissafi, wanda ba shi da komai sai kunne ya ba da aron kunnen. Kada a jira Disamba, kada a jira Honarabul. Kafin Juma'a ko Lahadi mai zuwa, kowa ya nemi nasa.